Yadda mai barin shaye-shaye zai riƙe godiya a kullum

Barin ƙwaya wahala biyu gare shi. Ta farko kowa ya san ta: ciwon gaɓoɓi, zufa, hamma, gudawa, rashin barci, kuma ga mai shan tiramol ko kodin yawanci takan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ta biyun ce ba a cika faɗa ba, ita ce kuwa ke mayar da mutane ruwa. Jiki ya warware, dangi sun zo barka sun watse, sai mutum ya tarar komai ya yi masa lami. Hira ba daɗi, aiki ba daɗi, ko wasa da ɗansa ba ya motsa shi. Kamar wanda zazzaɓi ya kwantar ne, ko farfesun kaza aka kawo masa ɗaci yake ji. Dalili shi ne ƙwaya ta saba wa ƙwaƙwalwa da jin daɗi mai ƙarfi a lokaci guda, har ta daina kula da ƙananan abubuwa, kuma kafin ta koma daidai sai an yi makonni, wani ma watanni. A wannan tsakanin ne zuciya ke ta lissafin abin da aka rasa: shekarun da suka wuce, babur ɗin da aka sayar, auren da ya mutu, sa'o'in da suka yi gaba suka bar ka.

Godiyar da ake magana a nan aiki ce ta horar da ido ya koma ganin abin da ya rage. Mu a Zamfara ba mu rasa hamdala a baki ba. Ka tambayi mutum ya gida, ya aiki, ya ƙarfin jiki, duk amsa ɗaya ce, mun gode Allah, ko da ya kwana da yunwa. Wannan ladabi ne mai kyau, amma wanda ya bar shaye-shaye yana bukatar ya ƙara da wani abu: ya tsaya ya ambaci ni'imar ɗaya bayan ɗaya, ya san daga hannun wa ta zo, ya kuma yi wani abu a kai.

Maganar ba ta tsirarun mutane ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya kiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara ɗaya, kusan miliyan 3 daga Arewa maso Yamma, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Saboda haka duk inda na ce "kai", har da ke.

Mataki na farko: fara da likita

Littafin godiya ba ya cire ƙwaya daga jini. Wanda ya daɗe a kan baliyam, rochi ko giya, yanke su rana ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Irin waɗannan a hankali ake rage su, a hannun likita. Tiramol ma, musamman mai lamba 200 ko 225 da ake sayarwa a ɓoye, yana haddasa jijjiga. A je Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau a nemi ganin likita, ko a wuce Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara ban da na kame. Idan likita ya ɗora ka a kan magani, ci gaba da sha kamar yadda ya ce, godiya na tafiya tare da shi.

Mataki na biyu: kayan aiki

Littafin rubutu na 'yan makaranta mai shafi 40 da biro. Shi ke nan. Idan ajami ka fi iyawa, yi da ajami. Idan ba ka rubutu, ɗauki muryarka a waya na minti ɗaya ko biyu. Ni dai na fi son takarda, domin a cikin wayar nan lambar dila take, ko an goge ta yatsa bai manta ba. Ajiye littafin inda ba mai taɓawa, ƙasan akwati ko cikin jakar takardu, don wanda ya san za a karanta masa ba zai rubuta gaskiya ba.

A shafin farko sa kwanan watan da ka sha na ƙarshe. Kada ka ƙara komai a shafin.

Mataki na uku: ɗaura shi a jikin abin da ka saba

Sabon hali ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an jingina shi da tsoho. Musulmi yana da lokuta biyar a shirye, biyu sun ishe ka: Asuba da Isha'i. Kirista ya ɗaura a addu'arsa ta safe da ta kwanciya.

Da farkawa akwai addu'ar da aka koya mana tun muna makarantar allo, ta gode wa Allah da Ya raya mu bayan Ya ɗauki ranmu. Karanta ta, sannan ka tsaya numfashi uku ka duba jikinka. Kai ba nauyi? Ka tuna duk abin da ka faɗa jiya da dare? Kuɗin da ka kwana da su suna aljihu? Wanda bai taɓa farkawa yana laluben abin da ya aikata jiya ba, ba zai gane girman wannan ba. Bayan sallama ƙara da addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya koya wa Mu'azu ɗan Jabal ya riƙa yi bayan kowace salla: "Allahumma a'inni ala zikrika wa shukrika wa husni ibadatika." Roƙo ne Allah Ya taimake ka a kan ambatonSa da gode maSa da kyautata bautarSa, wato godiyar ma sai an nemi taimako a kanta.

Sai ka buɗe littafi ka rubuta layi ɗaya: yau na tashi garau, da abu ɗaya da za ka yi da wannan lafiya kafin Azahar. Ƙaramin abu, kamar kai yaro makaranta, ko zuwa wurin aiki kafin maigida.

Mataki na huɗu: abubuwa uku da dare, kowanne da dalilinsa

Nan ne ainihin aikin. Bayan Isha'i, lokacin da a da kake saka takalmi ka nufi majalisa, zauna minti goma ka rubuta abubuwa uku masu kyau da suka faru yau. A ƙarƙashin kowanne ka amsa tambaya ɗaya: me ya sa hakan ta faru, kuma hannun wa ke ciki?

Hanyar an gwada ta. A 2003 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun sa wani rukunin ɗalibai su riƙa rubuta abubuwa biyar na godiya duk mako har mako goma, wani rukunin kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Masu godiyar sun fi kyakkyawan fata game da rayuwarsu, sun kuma fi ƙarancin kukan ciwon jiki. A 2005 Martin Seligman da abokan aikinsa suka gwada abubuwa uku kowane dare tare da dalilinsu na mako ɗaya, aka ga raguwar alamun damuwa har bayan wata shida, musamman ga waɗanda suka ci gaba da yi da kansu. Waɗannan ba mashaya ba ne, don haka kada a ɗora wa abin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Amma ƙungiyoyin masu barin giya da ƙwaya, irin AA da aka kafa a Amurka a 1935, sun daɗe suna sa mambobinsu rubuta jerin godiya.

Sharaɗi na farko, abin ya zama na yau, kuma takamaimai. "Na gode Allah da lafiya da iyaye" gaskiya ne, amma idan ka rubuta shi dare bakwai a jere, a na takwas hannu ne kawai ke rubutu, zuciya tana wani wuri. Kwatanta da wannan, daga ɗan kabu-kabu misali: "Na ɗauko wata tsohuwa daga Tudun Wada zuwa Tsohuwar Kasuwa, ta manta canjinta, na bi ta na miƙa mata, ta yi ta sa mini albarka. Dalili: kaina a sake yake, na lura. A da da tuni kuɗin sun tafi wurin dila." Ko wannan, daga matar aure da ta bar kodin: "Yau ni na yi wa yara kitso da kaina, ƙaramar ta yi barci a cinyata. Dalili: ban kwanta da rana ba. Kuma maƙwabciyata ce ta ara mini kibiya."

Ka ga dalilin ya fito da abu biyu: rabonka a cikin alherin, da rabon wasu. Mashayi ya daɗe yana jin shi ba ya haifar da komai sai ɓarna, kuma kowa ya juya masa baya. Layin dalili yana rushe waɗannan biyun kaɗan-kaɗan, da hujjar da kai ka rubuta da hannunka.

Sharaɗi na biyu, kada ka maimaita abin jiya. Wannan zai tilasta maka lura da rana tun tana tafiya, har ka kama kanka da hantsi kana cewa wannan zan rubuta da dare. In ka kai nan, aikin ya fara kama jiki.

Na uku, ɗaya daga cikin ukun ya shafi barin shaye-shayen kai tsaye. Ka wuce ta bakin kemis ɗin nan ba ka tsaya ba. Tsohon aboki ya kira ba ka ɗauka ba. An ɓata maka rai ka haɗiye da ruwan sanyi kawai.

Kada ka jira sai ka ji daɗin abin kafin ka rubuta. A makonnin farko za ka rubuta ne zuciya a bushe, kana jin kamar wasan yara. Ci gaba. Hadisi ya tabbata cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Mataki na biyar: lissafin aljihu

A bayan littafin ja layi biyu. Rubuta abin da kake kashewa a rana a kan shaye-shaye, da gaskiya, har da kuɗin lemon da ake haɗa kodin da na sigari. A ce naira 2,000 ne: a wata 60,000 ke nan. Duk ƙarshen mako rubuta abin da ya tsira da inda ya tafi, tiyar masara ce, kuɗin makaranta ne, ko rage bashi. Kuɗin da suka tsira kada su kwana da yawa a aljihunka a watannin farko. Ba wa Inna ajiya, ko ka shiga adashi a hannun mai amana.

Mataki na shida: kai godiya inda ta dace

Wannan ya fi rubutu wuya, ya kuma fi shi amfani. Annabi (SAW) ya ce wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. Ware shafi ka jera waɗanda suka tsaya maka lokacin da kai kanka ba ka tsaya wa kanka ba: wanda ya je beli, wadda ta riƙa ajiye maka tuwo ko ƙarfe nawa ka dawo, mai shagon da bai tona maka asiri ba, limamin da ya ci gaba da amsa gaisuwarka a gaban mutane. Duk mako ɗauki mutum ɗaya ka je ƙafa da ƙafa.

Kada ka tsawaita, kuma ambaci abu ɗaya da ya yi. Ka durƙusa ka gaida mahaifiya, ka ce: "Inna, ranar da aka kawo ni gida ban san inda kaina yake ba, ku kuka kwana zaune a kaina. Ban taɓa cewa komai ba. Na gode, Allah Ya saka da Aljanna." Ga yayanka: "Yaya, kuɗin asibitin nan na san ba ka da su ka nemo. Allah Ya bar zumunci." Mu ba mu saba irin wannan magana da iyaye ba, kunya za ta kama ku duka biyu, ƙila Inna ta ce "kai, tashi ka ba ni wuri" tana goge ido da bakin zane. Ta ji.

Abu biyu a kiyaye. Kada ka haɗa godiya da roƙo a zama ɗaya. Idan ka ce na gode sannan ka ce a taimaka maka da jari, an koma gidan jiya, domin sun sha jin daɗin bakinka lokacin da kake neman kuɗin ƙwaya. Sannan ka shirya wa amsa mai sanyi. Baba na iya cewa "to, mu gani a ƙasa" ya ci gaba da jan carbinsa. Yana da hujja, alkawari nawa aka yi masa aka karya? Kada ka fita da fushi, fushin nan hanya ce miƙaƙƙiya zuwa majalisa. Da dare rubuta cewa ka je, ka faɗa, ka dawo garau.

Matar da ta zauna da kai a shekarun nan, tata godiyar ba ta ƙarewa a baki. Cefane a kan lokaci, dawowa gida kafin a rufe ƙofa, ɗaukar yaro in tana aiki. Haka maigidan da ya sake karɓar ka a gareji ko a shago, riga shi zuwa.

Wanda zuwanka zai tayar masa da ciwo, kamar matar da kuka rabu ta yi wani aure, bar shi da addu'a daga nesa. Tsofaffin abokan shaye-shaye ma haka, ko da a cikinsu akwai wanda ya taɓa yi maka alheri. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mataki na bakwai: in jaraba ta taso

Za ta taso, sau da yawa ba sallama: warin wiwi a lungu, ranar biyan kuɗi, gajiyar gona lokacin girbi da jiki ya saba a ba shi tiramol kafin ya ɗauki lauje. Kwaɗayin yakan hau ya kai ƙololuwa sannan ya sauka, galibi cikin abin da bai wuce rabin awa ba idan ba a biye masa ba. Aikinka ka cinye wannan lokacin. Bar wurin tukuna. Yi alwala ko ka sha ruwa. Sannan karanta shafuka uku na ƙarshe na littafinka, a bayyane in da hali, ka tambayi kanka wanne daga ciki zai rage gobe da safe idan ka sha yanzu. Tunda littafin yana gida, kwafi layi biyar mafi nauyi a 'yar takarda ka sa a aljihu ko cikin hula. In duk da haka bai sauka ba, kira mutumin da ka amince da shi tun kafin ka taka ko'ina.

Ranar da babu abin godiya

A jihar nan wannan ba zance ba ne na wasa. Akwai wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu yana zaune a kangon wani a Gusau, akwai wanda aka sayar da gonarsu aka biya kuɗin fansa, wasu ma baƙin cikin nan ne ya fara kai su ga ƙwaya. Ba wanda zai ce ka rubuta ka ji daɗin abin da ya same ka, kuma duk mai ce maka "ai sai godiya" don ya rufe maka baki bai kyauta ba. A irin wannan rana raba shafin biyu. A sama rubuta abin da ke ci maka rai, yadda yake, ba ado. A ƙasa rubuta abu ɗaya tak da ya tsaya. In ba ka samu ba, koma ga ma'aunin hadisin da Tirmizi ya ruwaito: aminci a inda kake, lafiyar jiki, da abincin yini. Wata rana ɗaya kawai za ka samu cikin ukun. Wata rana abin da za ka iya rubutawa shi ne "yau ban sha ba", kuma ya isa shafi.

Idan ranakun nan suka jeru har mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani a asibiti. Faɗa wa wani a ranar, a raka ka.

Akwai kuma godiyar da ke yaudara. Wata mai bincike a Jami'ar Minnesota, Amy Krentzman, ta ba da rahoto a 2017 cewa a cikin masu jinyar shan giya, godiya ta tafi tare da ɗorewa ga waɗanda suka riga suka daina, amma ga waɗanda ke ci gaba da sha sosai abin ya juya. Binciken farko ne, sai dai duk wanda ya zauna da mashaya ya san maganar: "Alhamdu lillahi ni ai wiwi kawai nake sha, ban kai su wane masu sholisho ba." Duk layin da ya fara da "ni dai ban kai wane ba", ko "yanzu na warke, ko na taɓa ɗaya ba komai", soke shi ka rubuta wani.

In an zame

Kada ka yaga littafin, kada ka sayi sabo don a fara da tsabta. Buɗe shafi na gaba, sa kwanan wata, rubuta abin da ya faru da abin da ya gabace shi: ina kake, da wa, me ke ranka, kwana nawa ka yi ba ka rubuta komai ba. Sau da yawa za ka ga rubutun ya tsaya tun kafin ƙafa ta zame. Ka sani kuma jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba ɗauka a da, komawa kan tsohon adadi na tiramol ko kodin na iya tsayar da numfashi. Koma wurin likita a makon. Masu gida kuma su tuna mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da ManzonSa.

Bitar Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci karanta shafukan makon gaba ɗaya. Ja layi a ƙarƙashin sunan da ya fi fitowa, shi ne na gaba a jerin waɗanda za ka je wa. Duba ranakun da ba rubutu ka gano abin da ya haɗa su, ƙila ranar kasuwar Talata Mafara ce da kake dawowa a gajiye, sai ka mayar da rubutun ranar zuwa bayan Magariba. Samu mutum ɗaya, ɗan'uwa, malami, ko wanda ya riga ka bari da daɗewa, ka riƙa karanta masa layi biyu ko uku da ka zaɓa, shi kuma ya tambaye ka in ya ji shiru. Bayan wata uku, in rubutun kullum ya fara zama nauyi, rage shi zuwa sau uku a mako, amma layin Asuba da zuwa wurin mutum ɗaya duk mako su ci gaba yadda suke.